Rimot a Kan Tebur

A layin masu gyaran kayan wuta, shago na bakwai in ka shigo ta wajen masu sayar da caja, nan Injiniya yake zama. Bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Masu kawo gyara ne suka laƙaba masa sunan tun yana saurayi, ya bi shi, har matarsa in ta so tsokana da shi take kiransa. Shagon bai fi taku huɗu ba: tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, gilashin ƙara girma da ya tsage a gefe, sai kanta uku cike da na'urorin gem, na wasan talabijin, waɗanda masu su suka ce gobe za su dawo, yau shekara biyu ke nan.

Rabin abincinsa daga gyaran rimot ɗin gem mai ja gefe yake fitowa. Ƙaramar sandar nan da ake murzawa da babban yatsa, in ta sha wuya sai ta fara gaban kanta. Ɗan wasanka yana tsaye a fili, ba ka taɓa komai ba, sai ka ga ya kama hanyar hagu kamar wanda aka aika. Injiniya yana da gwaji guda da bai taɓa canzawa ba. Duk wanda ya zo da ƙorafi, sai ya jona rimot ɗin, ya kunna ƙwallo, ya ce, "Ajiye shi a tebur. Ɗauke hannunka." In ɗan wasa ya ci gaba da tafiya, laifin rimot ne, a buɗe a canza sanda. In kuwa ya tsaya cak, sai ya miƙa wa mutum kayansa ya ce, "Lafiyarsa lau. Kai ne ba ka iya ba, wannan kuma ba ni da sukuddirebansa."

Abu na biyu da aka san shi da shi a layin shi ne gaba da kuɗin wata. A tsohuwar na'ura, muddin kana da data, za ka buga da wanda yake wani gari ba tare da ka biya kowa ba. Da sabuwa ta fito sai kamfani ya sa ƙofa: in kana son ka buga ƙwallo da wani ta intanet, sai ka riƙa biya duk wata. Wasu wasannin an bar su kyauta, irin na harbe-harbe da ake tara mutum ɗari a fili guda, amma ƙwallo tana bayan ƙofa. Injiniya ya rantse ba zai biya ba, kuma bai bar rantsuwar a cikinsa ba.

"Ka sayi na'ura da guminka," haka yake farawa in ya samu mai saurare. "Ka sayi faifai. Ka sayi data. Wutar ma kai ka biya. Sannan wani da bai san kalar fuskarka ba ya tsaya a ƙofar ɗakinka ya ce kawo kuɗin shiga?"

Mai Caja, maƙwabcinsa na shago na shida, ba ya gem, amma yana son musu kamar yadda wasu ke son shayi. Sai ya leƙo da kai ya ce, "To ai injinan da ke haɗa ku ba da iska suke aiki ba, Injiniya. Ma'aikata gare su. Kuma yara sun ce na kuɗin ba ya yankewa, 'yan maguɗi ma ana korarsu. Har gem suke bayarwa kyauta duk wata."

"Kyautar da ranar da ka daina biya a karɓe? Aro ne aka yi wa kwalliya."

"Kai dai ka ce maƙo."

"Wanda ke sayar da cajar kwana uku da sunan ta shekara shi zai koya min maƙo?"

Samari kan taru su ji wannan, wasu ma sun haddace. Kuma ba ƙarya yake yi ba, har zuciyarsa ya yarda zalunci ne. Sai dai mutum ya fi ɓuya da kyau a bayan gaskiya fiye da bayan ƙarya, don ba wanda zai ce masa fito.

Baban Injiniya mai gyaran agogo ne. Injiniya yana ɗan shekara goma sha tara hannun tsohon ya fara rawa. Da fari ya ce haske ne ya yi kaɗan a shagon. Daga baya ya ce agogunan yanzu ne ba su da aminci. Uwarsu ta ja babban ɗanta gefe ta ce a rufa wa malam asiri, don haka kullum da sassafe, kafin uban ya fito, sai Injiniya ya je ya buɗe duk agogon da aka gyara jiya, ya gyara gyaran, ya mayar inda ya same shi. Shekara uku ana haka. Masu agogo suna yabo, tsohon yana karɓa, kowa a gida yana taya shi murna da fuska guda. Wata rana da yamma, suna rufe shago, uban ya ɗaga wani agogo ya ce, ba tare da ya dubi ɗansa ba, "Wannan ba sai ka wahala gobe ba. Batir kawai na sa masa."

Ashe ya sani. Ya san tun yaushe, Allah kaɗai ya sani. Yana zuwa kullum yana zama a kujerarsa, yana wasan da iyalinsa suka shirya masa, don kada ya ɓata musu alherinsu. Injiniya ya binne uban bayan shekaru, ya manta abubuwa da yawa na jinyar, amma bai manta muryar da aka faɗi maganar batir da ita ba.

Wanda ya yi jinyar kuwa Auta ne, ƙaninsa da ya girme wa da shekara goma sha biyu. Shi ya riƙa ba tsohon abinci a baki, shi ya riƙa ɓalla masa maɓallin riga, daga nan ne ma ya zama ma'aikacin jinya. Aiki ya kai shi wani gari mai nisan wuni guda a mota. A waya 'yan'uwan ba su iya hira ba. Ya aiki, ya yara, ya jikin wance, minti biyu an gama, sai kowa ya fara neman hanyar sallama. Amma Injiniya ne ya fara ɗora wa Auta rimot a hannu tun yatsunsa ba su kai maɓallan ba, don haka bayan ya tafi suka tsayar da Lahadi ƙarfe uku. Kowa ya zauna a falonsa, ya sa abin magana a kunne, su buga ƙwallo ta intanet a tsohuwar na'ura. A nan bakinsu yake buɗewa. Tsakanin bugun kwana da bugun gida Auta ya faɗi cewa zai yi aure. Ana hutun rabin lokaci Injiniya ya faɗi cewa cikin matarsa ya zube. Ido yana kan ƙwallo, don haka ba sai wani ya kalli wani ba. Shekara bakwai suna haka, kuma a wasa goma Injiniya kan ci bakwai.

Sai kamfani ya rufe wasan intanet na tsohuwar ƙwallon. Auta ya sayi sabuwar na'ura ya fara biyan kuɗin wata. Injiniya ma yana da sabuwar, ya haɗa ta daga matattu biyu da aka bar masa. Abin da ya rage biya ne kawai, kuɗin da bai kai na canza sanda biyu ba. A daidai wannan watan ne ɗan wasansa ya fara zamewa hagu.

Ya buɗe rimot ɗinsa ya canza sanda. Bai daina ba. Ya ce kayan jabu ne, ya sa wata. Ran nan da tsakar rana ya sauke ƙofar shago rabi kamar mai zuwa cin abinci, ya kunna ƙwallo, ya ajiye rimot a tebur, ya ɗauke hannunsa. Ɗan wasan ya tsaya cak a tsakiyar fili. Injiniya ya dubi babban yatsansa na hagu a kan gwiwarsa, yana ɗan motsi shi kaɗai, kamar mai ƙirga abin da ba a gani.

Ran Lahadin da ta biyo baya ya faɗa wa Auta cewa shi ba zai biya azzalumai ba. Daga nan jawabinsa na kuɗin wata ya samo asali.

Wata goma sha huɗu ya riƙe. A shago ya ninke tsumma yana ɗora tsintsiyar hannunsa a kai in zai yi liƙin dalma. Ya ƙera ɗan ƙarfe mai riƙe masa siririyar waya maimakon hantsaki. Aikin da ya yi ƙanƙanta sosai sai ya ce kayansa ba sa samuwa, a gwada shago na goma. Ya san layin: ranar da aka ji hannun Injiniya yana rawa, ranar ce ta ƙarshe da wani zai miƙo masa na'urar da ya tara kuɗinta wata shida. Ya juya teburinsa ya fuskanci bango. Da Mai Caja ya tambayi dalili, ya ce haske ne, sai ya ji kalmar ta fito da muryar babansa.

Gem kuwa bai daina ba. Yana shiga na kyautar, da suna na lambobi da ba wanda ya sani, cikin mutum ɗari da ba wanda zai ce wancan ai da ya fi haka iyawa. A kashe shi a minti na biyu, ya sake shiga. Yana gaya wa samari cewa ga shaida, ana jin daɗi ba tare da an biya ba. Ba ya jin daɗin komai. Lahadi ƙarfe uku kan same shi kwance a doguwar kujera, wayarsa a ƙirji, Auta ya kira su yi minti biyunsu.

Matarsa malamar firamare ce, ta saba gane yaron da ya ɓoye abu a bayansa. Ba ta ce komai ba. Amma ya lura ta daina cika masa kofin shayi, rabi take zubawa, in ya shanye ta ƙara. Ya lura ta daina cewa ya zura mata zare a allura. Duk rabin kofi da ta ajiye masa, sai ya ji kamar wani ya riga shi zuwa shago da sassafe. Ya so ya yi faɗa, amma faɗan me? A ce an zuba maka shayi kaɗan?

Ran wata Alhamis da yamma Auta ya kira, muryarsa da fara'ar da aka shirya.

"Yaya, a kuɗin watan gem na koma tsarin iyali. Mutum ɗaya ke biya, a sa 'yan'uwa a ciki. Na sa ka. Ko sisi ba za ka fitar ba."

"Ai wani ya biya."

"Ni, kuma da ma ina biya. Gurbin a banza yake zaune."

"Magana ce ta aƙida, Auta."

"Aƙidarka kada kuɗinka ya shiga aljihunsu. To bai shiga ba. Ko akwai wani dalilin da ban sani ba?"

Matarsa tana bakin ƙofa tana ninke kayan wanki, riga ɗaya ta ninke sau uku. Injiniya ya dube ta, ta dubi rigar. Nan ya gane daga inda tsarin iyali ya fito, ya kuma gane cewa ba ƙwallo Auta yake so ba. Ma'aikacin jinya ne da ba a ba shi damar ganin mara lafiya ba, ya nemi taga.

"Babu," in ji shi.

"To Lahadi ƙarfe uku. Ka zo da hankici, kuka za ka yi."

Ran Lahadi matarsa ta kwashi yara suka tafi gidan yayarta, ba tare da an ce ta tafi ba. Ya zauna a falo, labule a sauke saboda hasken rana a talabijin, ya ɗauko rimot ɗin da ya fi yarda da shi, wanda ya canza wa sanda da hannunsa sau biyu. Ya sa abin kunne. Ya ji numfashin Auta da ƙarar fankarsa, sai ya gane ashe ya manta yadda ɗakin ƙaninsa yake a kunne.

"Tsoho ya iso?" in ji Auta.

"Tsohon da ya goye ka. Buga mu gani."

Minti goma na farko ya danne yatsan da ƙarfi har farcensa ya yi fari. Ya yi fasin biyu masu kyau. Sai yatsan ya gaji da dannuwa. Ɗan bayansa ya zame hagu ya bar hanya a buɗe. Ɗan gaban Auta ya shigo, daga shi sai gola, wurin da ko yaro ba zai ɓarar ba, ya buga ta wuce saman raga.

"Kash, na yi gaggawa," in ji Auta.

Injiniya ya gyara zama. Aka ci gaba. Ya karɓi ƙwallo a tsakiya, ɗan wasansa ya yi ta karkata kamar mota mai sassauƙan taya, amma 'yan bayan Auta suka dare masa hanya, ɗaya ma ya zame ƙasa tun kafin a iso shi. Ƙwallo ta shiga raga. 'Yan kallon cikin talabijin suka ɗauki ihu.

"Yaya ke nan. Ashe ba ka manta ba."

Shekara bakwai ya yi yana karanta wasan yaron nan. Ya san Auta ba ya zamewa a wannan wurin, shi ya hana shi da kansa, da ranƙwashi. Ya zauna yana kallon ɗaya da nema a saman talabijin, ya ji ɗacinta har a harshe.

Da aka dawo tsakiya ɗan wasansa ya sake zamewa, wannan karon har ya fita da ƙwallo waje ba kowa kusa da shi. Sannan Auta ya ce, a hankali, da irin muryar da yake yi wa marasa lafiya, "Ina ga rimot ɗinka yana ja, Yaya."

Ga ƙofa an buɗe masa, kyauta. Abin da ya rage kawai ya ce e, ya ce sandunan yanzu ba su da aminci, a yi dariya a tashi. Lahadi mai zuwa a sake, ya ci biyu da ɗaya, Auta ya yaba, matarsa ta zuba rabin kofi, kowa ya taya shi murna da fuska guda. Zai iya yin shekara uku a haka. An taɓa yi a gidansu.

Aka yi jifa, ƙwallo ta dawo ƙafar ɗan wasansa. Ya miƙa hannu ya ajiye rimot a kan teburin falo.

"Auta, dubi lamba takwas ɗina. Rimot yana tebur. Hannuna ba ya kai."

Lamba takwas ya tsaya cak, ƙwallo a ƙafarsa. Ɗan wasan Auta da ya taho a guje ya rage gudu, ya zo dab da shi, shi ma ya tsaya. Agogon wasa yana tafiya, mutum biyu suna tsaye a tsakiyar fili.

"Rimot ɗin nan ni na gyara shi," in ji Injiniya. "Kada ka yi masa ƙazafi."

Ya ji Auta ya ja numfashi. Da ya yi magana, fara'ar da aka shirya ta tafi, muryar aiki ce ta zo. "Wanne hannu?"

"Hagu. Babban yatsa, yanzu har da na kusa da shi."

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara zagin kamfani."

"In kana hutawa ya fi yi, ko in ka kama abu?"

Ya amsa. Auta ya yi tambaya biyar ko shida, ya amsa duka, idonsa a kan lamba takwas. Auta ya ce rawar hannu iri-iri ce, ba lalle irin ta Baba ba ce, wata tana jin magani sosai, kuma Baba bai taɓa yarda likita ya gan shi ba sai da abu ya yi nisa. Ya ce zai ɗauki hutu ya taho, ran Talata su je asibiti tare.

"Zan ci gaba da aiki?"

"Ban sani ba, Yaya."

Injiniya ya gyaɗa kai, ko da yake ba mai ganinsa. Wata goma sha huɗu rabon da wani ya faɗa masa magana ba a tace ta ba.

"To ji nan. Ƙwallon da ka bar min ɗazu, na gani. Wadda ka harba sama ma na gani. In ka ƙara, na rantse zan cire kaina daga iyalin naka. Ni ba Baba ba ne, kai kuma ba ni ba ne."

Auta yana ƙarami lokacin agogunan, amma gidan ba shi da girman da za a ɓoye irin wannan. "Na ji," in ji shi.

Injiniya ya ɗauki rimot. Kafin ya gyara riƙo Auta ya ƙwace ƙwallon daga ƙafar lamba takwas ya wuce. Aka tashi biyar da ɗaya, Auta ne a sama. A ta huɗun har da rainin wayo, ya yanke gola ya tsaya a bakin raga ya jira kafin ya tura.

"Mara kunya," in ji Injiniya. "Sake sa wani."

Suka yi uku. A na biyun Auta ya faɗi cewa matarsa tana da ciki wata huɗu, ya rasa yadda zai faɗa a waya. Da yara suka dawo suka tarar da babansu yana zagin alƙalin wasa. Matarsa ta tsaya a ƙofa ta dubi talabijin, ta dubi hannunsa a fili a kan rimot, yana rawarsa, ba a cusa shi ƙarƙashin cinya ba. Ta wuce kicin. Da ta kawo shayi kofin a cike yake har baki. Ya ɗauka da hannu biyu, kaɗan ya zuba a wandonsa, ba wanda ya kawo tsumma.

Ran Litinin ya juya teburinsa ya koma fuskantar titi. Mai Caja ya leƙo.

"Labari ya zo mana wai jiya an ga Injiniya a bayan ƙofar azzalumai."

"An gan shi. Kuma har gobe zalunci ne."

"To me ya kai ka?"

"Ƙanina yana ciki." Ya ɗora tsintsiyar hannunsa a kan ninkakken tsumma, a gaban Mai Caja, ya jawo fitila. "Gobe ba zan fito ba, asibiti za ni. In wani ya kawo rimot mai ja, ka ce ya ajiye, ina dawowa Laraba."